Danƙo

Ruwa bai ɗauke ba a Valdivia tun ranar Talata.
Kogi ya kumbura har ya fara lasar ƙafar gada,
ni kuwa ina hawa na uku, ƙarfe ɗayan dare,
da kwalabe ɗari biyu masu warin yis da ruɓaɓɓiyar ayaba.

Ƙudan da ke gabana bai fi ƙwayar riɗi ba.
Na sa hantsaki, na ɓare kansa a hankali,
na ɗora ƙwaƙwalwar a kan gilashi, na kashe fitila.
Sai ga jijiyoyi ja wur kamar garwashi,
ga wasu kuma kore shar, sun rungume su ta ko'ina.

Shekara shida jan nake bi.
Su ke kai saƙo daga ido zuwa fiffike,
su ake zanawa a bangon littafi.
Koren kuwa, mutanen da suka fara ganinsu
suka laƙaba musu gliya, wato danƙo,
abin shafawa don kada kaya su watse.
Suka rufe madubi, suka tafi cin abinci.

To, danƙon nan shi ne katanga:
jinin ƙuda gishirinsa ya yi wa jijiya yawa,
sai suka haɗa kafaɗa suka tare ƙofa.
Su ke karɓar sukari, su tauna,
su ɗura wa jijiya a baki kamar uwar tsuntsu.
In ta yi tartsatsi ta zubar da gishiri,
kafin ta waiga an share wurin.
In kuma ta tsinke ta mutu,
su ke zuwa su kwashe gawar, ba kuka, ba jawabi.

Da daren nan na toshe musu hanya guda.
Ban taɓa jijiya ko ɗaya ba.
Na tsoma kwalba a ruwan ɗumi, ina duban agogo.
Minti biyu, na farko ya faɗi rigingine,
ƙafafu shida suna karkarwa.
Minti uku, babu mai tsayuwa.
Wayar lafiyarta lau, amma gidan ya yi duhu.

Na daɗe zaune, hannu a haɓa.

Sati uku ke nan Don Eleuterio Paillalef yana asibiti.
Shekara ashirin da biyu shi ke dama abincin ƙudajen nan,
garin masara, sukari, yis,
a tukunya mai lanƙwasasshen hannu, can ƙasan bene,
rediyonsa na faɗin farashin kifi.
Ban taɓa sanin ƙarfe nawa yake zuwa ba.
Kullum dai na iso, kwalabe na jere, sun huce,
audugar bakinsu fara tas.
Yanzu fumfuna ta cinye layi huɗu.
Maite ta gwada damawa, ya kama ƙasa.
Na gwada, ya tsinke kamar kunu.
Takardar da ya manna a bango ta faɗi awo duka,
amma ba ta faɗi yadda yake sunkuyawa
ya shaƙi tururin ya ce, bai yi ba tukuna.

Takardu tara na wallafa.
Na gode wa masu ba da kuɗi, na gode wa mijina.

Na tsamo kwalbar, na ajiye ta gefen taga mai sanyi.
Can sai ɗaya ya motsa, ya mirgina, ya tashi,
ya sa ƙafafun gaba yana goge jan idonsa
kamar wanda bai san an yi komai ba.
Na rubuta lokacin a littafi.

Da safe zan shiga motar asibiti.
'Yarsa ta ce ba ya son furanni, lemo yake so,
kuma kada a daɗe, yana saurin gajiya.